Saura Ɗaya

…kuma ba ni ta nema ba. Wannan ne ya fi ci mini rai. Da ta ce a kira mata Akwati, ko ta ce a kira mata abokin mijinta — a'a. Mai karɓar baƙi har maimaita mini ta yi a waya, a hankali, kamar tana magana da mai nauyin kunne: "Wai mutumin da ke kula da saƙonnin da ake tura wa ma'aikata take son gani." Mutumin da ke kula da saƙonni. To ai ni ne. Wa ya fi ta sanin ni ne?

Matarka, Latti. Matarka ce zaune a ƙasa, kan dogon bencin nan na baƙi da kushinsa ya fashe ta gefe, 'yarka a kusa da ita da kayan makaranta, wayarka a hannun yarinyar. Wayarka… kai da muka kai makwancinka watanni ke nan, kai da na zuba wa ƙasa da hannuna.

Ni kuma ina ina? Ɗakin na'urori. Na ce "ga ni nan zuwa", na ajiye kan waya, na sunkuci kwamfutata na faɗo nan na turo ƙofa da ƙafa. Ƙato da ni, da gemu, da katin aiki rataye a wuya, na zo na tsugunna bayan durowar wayoyi kamar yaron da ya fasa kofin baƙi. Sanyin ɗakin nan har cikin haƙori yake shiga, fankoki suna ta huci, ƙananan fitilu suna ta ƙyafta mini ido — amma gumi nake yi. Rigata ta manne a baya. Kunya nake ji, Latti, irin wadda ban taɓa ji ba tun da uwata ta haife ni.

Ka san me yarinyar ta ce? Ba uwar ba, yarinyar. Ta miƙa wayar a kan kanta, da hannu biyu, wai sun zo ba da haƙuri ne. Wai Abbanta bai dawo ba tukuna, shi ya sa bai amsa ba, don Allah kada a kore shi. Muryar mai karɓar baƙi ta karye a wurin "kore shi". Sabuwa ce, ba ta san ka ba, amma ta gane. Ta ce uwar ta raɗa mata cewa yarinyar ta kafe a bakin ƙofar makaranta yau, ba ta shiga sai an kawo ta ofishin Abba.

Ashe ta iya karatu. Yaushe? Rabona da ita tana haɗa baƙi da ƙyar, tana bin layi da ɗan yatsa, harshe a waje… yanzu har ta iya karanta "ɗaukar mataki". A kan saƙona ta ƙware? An faɗa mata, na san an faɗa mata ka rasu, da kunnena na ji kakarta tana faɗa mata. Amma ofis fa? Ofis ba ya wasa. Idan manya masu kwamfuta suna cewa kullum da safe ana jiran Abba, to Abba yana wani wuri. Ya makara ne. Ba halinsa ba ne?

Ga shi nan a gabana, na buɗe. Zanen aikin da ke tura saƙonnin. Da'ira, kibiya, akwati, kibiya, da'ira. A gindin akwatin ga 'yan layukan nan uku a tsaye — ka tuna su? Ai a kansu ka laƙa mini sunan. Ka jawo kujerarka, da kofin shayi a hannu, kana tauna cokalin roba, ka ce, "Akwati, wai kai ba ka gajiya da zana akwatuna? Wannan kuma me ya sa ya yi gemu?" Na ce ba gemu ba ne, alama ce. Akwati ɗaya kake gani, amma in aiki ya iso shi sai ya haihu — kowane mutum ya sami nasa kwafin, da sunansa a kai, a allonsa. In layukan suna kwance, bi da bi ne, sai wannan ya gama a miƙa wa wancan. In suna tsaye, kowa nasa ya faɗo masa lokaci guda. Ka ce, "To yaushe uwar take hutawa?" Na ce sai 'ya'yan duka sun dawo gida. Sai dai in ka rubuta mata sharaɗi, ka ce in kaza suka amsa ki wuce, ki manta da saura. In ka bar gurbin sharaɗi babu komai, za ta tsaya, ko mutum ɗaya ya rage za ta tsaya, ko shekara nawa ne. Ka kwashe da dariya har shayi ya zubo maka a wando. Ka ce, "Wannan ai ni aka ƙera wa ita, mai jiran wanda ya makara."

Gurbin sharaɗin… ga shi nan. Fari fat. Ni na bar shi haka.

Abin ma ba wani abu ba ne, wallahi abin ba wani abu ba ne. Wayar wuta ce ta ɗan yi tartsatsi a sito, kwali ya kama, aka kashe. Shugabar sashe ta ce kowa ya je horon kashe gobara, kowa ya dawo ya tabbatar da kansa cewa ya je. Aikin rabin awa a wurina. Na zana, na sa layuka a tsaye, na iso wurin da manhajar take tambaya: su wa za a raba wa? Akwai hanyar da ta dace, na san ta, ni nake koya wa sababbi — ka ɗauko mutanen daga wurin ofishin ma'aikata, su ne suke shigar da wanda ya zo su cire wanda ya tafi. Su sun cire ka tun a makon farko, ba ji ba gani, aikinsu ne. Ni kuma ina da nawa rukunin, na sashenmu, wanda na haɗa da hannuna tun zuwanmu. Hannuna ya saba da shi. Na danna shi. Kana ciki.

Kana ciki don ban cire ka ba. Sau nawa na kai maus kan sunanka? Sau nawa tambayar nan ta fito — ka tabbata? — na ce a'a ban tabbata ba, bari in sha ruwa in dawo? Teburinka an ba wani, kofinka na sa a durowata, fulawar robar nan mummuna da ka ce tana kore maka barci an jefar… wuri ɗaya ya rage a duk ginin nan da sunanka yake tsakanin nawa da na mai kula da sito, kamar da. Na bar shi. Wa zai gani? Wa zai cutu?

Wa zai cutu. Ji mini wauta.

Kowa ya amsa. Masu saurin amsawa, masu jan ƙafa, har direban nan da bai san inda ake kunna kwamfuta ba sai da aka riƙe masa hannu, ya amsa. Na duba allo wata safiya na ga: saura ɗaya. Na danna in ga wane marar kunya ne — sai ga ka. Sunanka, a gefensa ɗan rubutu ruwan ɗorawa: ana jira. Gabana ya faɗi, sannan… sannan me? Faɗi gaskiya, ba kowa a ɗakin nan sai fankoki. Daɗi na ji. Murmushi na yi, Latti. Na ce kai, Sarkin Latti, har yanzu? Na rufe allon a hankali kamar mai rufe ƙofar ɗakin mai barci.

Daga nan kullum. In na iso, kafin in ajiye jaka, in buɗe. Ana jira. To madalla, ni ma ina jira. Shugabar sashe ta tsaya a kaina ta ce me ya hana aikin gobara rufewa, masu duba lafiyar gini suna son rahoto. Na ce 'yar matsala ce a manhaja, ranki ya daɗe, ina kai. Ta sake tambaya, na ce mun rubuta wa masu manhajar. Wa muka rubuta wa? Baiwar Allah ta yarda, don ban taɓa yi mata ƙarya ba — da. Har tausaya mini ta yi, wai in dinga hutawa, idona ya faɗa.

Agogon ne. Ɗan agogon nan da ke maƙale a gefen akwatin, ƙarami kamar maɓallin riga. Kowane kwafi yana haihuwa da nasa agogon. In mutum bai amsa ba, gari na wayewa saƙo ya tafi wayarsa. Na farko mai ladabi: barka da safiya, akwai aikin da ke jiranka. In an kwana biyu a ƙara gishiri: kowa ya amsa, kai kaɗai ake jira, a daure a motsa. In abin ya yi nisa — tun da ka zaɓi shiru, za a miƙa sunanka ofishin ma'aikata don ɗaukar mataki. Ni na rubuta su. Tun kana nan na rubuta su, don duk aikin da za a raba, kana leƙowa ta kafaɗata, ina karanta maka da muryar shugaban makaranta, kana cewa in ƙara "ko mu zo da bulala". Muka yi ta dariya. Na ji ni gwani, na iya sa ƙarfe ya yi tsawa.

A daure a motsa…

Wa ke faɗin haka a duniyar nan in ba ni ba? Duk ranar da za mu je kallon ƙwallo, ina tsaye a ƙofar gidanka ina buga ƙyaure da mukullin mota, kai kana ciki kana neman safa ɗaya: "A daure a motsa!" Matarka ta leƙo ta taga ta ce, "Akwati, ka shigo ka zauna mana, wannan mutumin naka sai an tashi wasa zai gama ɗaura agogo." In ce ranki ya daɗe, ke kika sangarta shi. Ta ce a haka kuka kawo mini shi. Ta san maganar nan kamar yadda ta san ƙarar motata. Ranar da ta fara gani a wayarka — me ta ji? Tana kicin? Tana taje wa yarinya kai? Wayar mamaci ta yi ƙara a kan durowa, ta ɗauka, ta ga muryata. Ba gaisuwa, ba ya haƙuri, ba ya yarinya. A daure a motsa.

Na ɗauka layin ya mutu. Haka zan ce mata. Ranki ya daɗe, wallahi na ɗauka an rufe layin, ai in aka daɗe ba a…

Ƙarya. Kai, ƙarya kake yi, kuma a ɗakin da ba kowa. Na kira lambar. Wata ranar hutu da yamma, ina zaune a mota a bakin layinku, na kira don in ji matar nan ta kamfanin waya ta ce a kashe take, in huta. Sai ta shiga. Ta yi ƙara — ɗaya — na katse kamar na taɓa garwashi. Na san tana kunne. Na san wani yana yi mata caji, yana ajiye ta inda kake ajiyewa. Kaina ya san wannan, kaina kuma ya san agogon. Ban taɓa barinsu su haɗu a ɗaki ɗaya ba. Ni da aikina ke nan, haɗa wannan akwati da wancan da kibiya.

Bakin layinku. Shagon mai gyaran fanka, da bishiyar nan da ta karya katanga, da ramin da kullum kake cewa zai ci maka taya. Iyakata ke nan. In taho da niyya, da leda a kujerar baya, biskit ɗin da yarinyar take so, mai hoton zaki — in iso shagon, ƙafata ta ƙi. In ce yamma ta yi, ba a zuwa gidan mutane yanzu. In ce da safe ne, ba su kimtsa ba. In juya. Biskit ɗin 'ya'yana suke cinyewa, har ƙaramin ya fara tambaya yaushe za a sake sayo na zaki. Maman yara tana zuwa, ita ba ta fasa ba. Ta dawo ta ajiye mayafi ta ce, "Ta tambaye ka." In ce aiki. Ta ce, "Na faɗa mata aiki." Ta dube ni irin kallon nan. Daga baya ta daina cewa ta tambaye ka. Ban tambaya ba ko ta daina faɗa mini ne, ko can aka daina tambaya.

Me nake tsoro? Takalmanka a bakin ƙofa. Kujerar nan da ta lotsa daidai zamanka. Kada in shiga in ga an kwashe takalman, kada in shiga in ga ba a kwashe ba. Makon farko na ce ba zan iya ba. Na biyu na ce bari in ɗan yi ƙarfi. Daga nan kunyar rashin zuwa ta fi ƙarfin baƙin cikin, ta zama ita ce ke hana ni zuwa — da wane ido? In ce ina ina duk kwanakin nan? Kullum sai ta ƙara nauyi, kullum sai gobe ta fi yau sauƙi. Ni da nake yi maka gori. Ni da na sa maka suna.

Safiyar da ka rasu ma gori na yi. Kujerarka ba kowa, na ce wa mai kula da sito, ku bar shi, yana can yana neman safa. Aka yi dariya. Na ɗora maka fayil a kan kibod don ka zo ka yi tsaki. Wayata ta yi ƙara, lambarka, na ɗauka ina cewa "Sarkin Latti, ran sarki ya daɗe" — sai muryar maƙwabcinka. Banɗaki. Kana shirin fitowa, da man aski a fuska. Zuciya ce, in ji likita. Zuciya… kai da ko ciwon kai ba ka yi sai ranar da ake kwashe kaya a sito.

Wayar bango tana ƙara. Ta ɗakin nan. Wa ya san ina nan? Kowa, mana — ina kuma Akwati zai ɓuya? Ba zan ɗauka ba. Ta yi, ta yi, ta gaji. Yanzu mai karɓar baƙi tana murmushin dole, tana cewa yana hanya, Hajiya, ku ƙara haƙuri. Ta ba yarinyar ruwa a kofin takarda. Yarinyar tana lilo da ƙafafu, ba su kai ƙasa ba daga bencin nan — ko sun kai yanzu? Ban sani ba. Ka ga abin da ban sani ba.

Baffa Akwati. Haka take ce mini, kai ka koya mata, don rashin mutunci. Ta hau cinyata da fensir, in zana mata: ga da'ira, kin tashi daga barci. Ga akwati, wanka. Ga akwati, karin kumallo. Ga kibiya zuwa makaranta. Ta ce ina akwatin Abba? Na zana shi can gefen takarda, da doguwar kibiya mai lanƙwasa da ta zagaye komai kafin ta iso. Ta yi ta ƙyalƙyala dariya, kai kana cewa ana ɓata maka suna a gaban iyalinka. Ni na koya mata cewa kibiyarka doguwa ce amma tana isowa.

Wayyo Allah.

To. To, gyara. Ai gyara ne aikinka, Akwati, gyara. Ga kwafinsa, ga maɓallai a ƙasa, manhaja ba ta san kunya ba, ta jera mini su tsaf.

Kammala. In danna a madadinka, in sa alama cewa ka halarci horon kashe gobara. Uwar akwatin ta huta, kibiya ta wuce, rahoto ya fita, shugabar sashe ta ce sannu da ƙoƙari. A rubuce, har abada, cewa ranar kaza ka tsaya a filin ajiye motoci ka riƙe jar tukunyar nan ka fesa wa kwali kumfa. Kana kabari. In sa ka yi ƙarya kana kabari? Kai da ko a raye ƙaryarka ɗaya ce, "ga ni nan a hanya".

Soke. Kwafin ya ɓace, agogon ya mutu, in koma rukuni in cire sunan. Ka tabbata? Wannan karon dole in tabbata. Minti ɗaya bai kai ba. Da na yi shi tun ranar da na ga saura ɗaya, da yanzu yarinyar nan tana aji tana rigima a kan abin goge fensir. In danna, in sauka… a'a, in danna in kira mai karɓar baƙi in ce ta gaya musu an gyara, kuskuren na'ura ne, kamfani yana ba da haƙuri. Ba sai na sauka ba. Ba ni ta nema ba ai, mai kula da saƙonni ta nema, mai kula da saƙonni ya kula. Ita ce ta buɗe mini ƙofar nan da kanta — don ta rufa mini asiri? Ko don ta gama da ni? Wanne ya fi ciwo?

Sai gobe da safe wayar ta yi shiru.

Tsaya. Gobe da safe yarinyar ta tashi, ta je kan durowa, ta duba. Ba komai. Jibi ba komai. Me za ta ce? Ta zo ta ba da haƙuri da hannu biyu, sai aka daina nema. An kore shi ke nan. Haƙurinta bai isa ba, ta makara, da ta zo tun saƙon farko… Za ta ɗauki wannan ta sa a jakar makaranta ta yi ta yawo da shi. Ko kuma ta ce an daina nema don an same shi, ta koma taga. Duk maɓallin da na danna daga ɗakin nan, a kanta zai sauka. Babu maɓallin da aka rubuta wa: tsugunna a gabanta, kama hannunta, ka ce ba Abba ne ya yi laifi ba, ba wanda zai kore shi, Baffa ne ya ƙi goge sunansa don… don me? Yaya ake faɗa wa yarinya don me? Kuma uwar tana tsaye tana ji.

Duk watannin nan ina cewa ban aika musu ko kalma ba. Ina cin kaina da wannan, ina juyi a kan katifa, maman yara tana yi kamar tana barci. Ashe ina aikawa. Kullum, ba fashi, ko ranar hutu, kafin su karya. Duk abokanka ba wanda ya kai ni yawan magana da gidan nan. Barka da safiya. Kai kaɗai ake jira. Tun da ka zaɓi shiru.

Tun da ka zaɓi shiru — ni na rubuta wannan? Wa nake yi wa?

Akwai maɓalli na uku. Ƙarami, can gefe, wanda muke dannawa in mutum ya tafi hutu: miƙa wa wani. Kwafin ba ya mutuwa, ba ya kammala, hannu kawai yake sauyawa. Ba gyara ba ne, na sani, in wani sabon yaro ya yi haka a gabana sai na yi masa wankin babban bargo. Uwar akwatin za ta ci gaba da tsayuwa, shugabar sashe za ta sake zuwa kaina. Amma ba zan iya soke ka ba yau, Latti, ka yi haƙuri, ba yau ba, ba ina tsugunne bayan durowa ba. Kuma ba zan bar wayar nan ta sake ƙara a hannun yarinyar ba.

Gurbi ya buɗe. Wa za a miƙa wa? Harafin farko, na biyu, manhaja ta ƙarasa mini sunana da kanta, ta san ni. Ka tabbata?

Na danna.

Sunanka ya tashi daga layin. Haka kawai, ba ƙara, ba komai. Nawa ya zauna a wurin, rubutun ruwan ɗorawa bai ko motsa ba. Kai… ashe haka yake da sauƙi. Ashe haka ake yi, a ga wurin babu kai. Idona yana zafi. Kada ka fara, ba yanzu ba, da jan ido za ka sauka? To da wane irin ido za ka sauka?

Tashi. Gwiwa ta ƙage. Rufe kwamfuta, bar ta nan. Goge fuska da hannun riga. Ƙofa — ƙarfen sanyi ƙalau. Daga nan zuwa matakala, daga matakala zuwa benci, ai ba nisa, bai kai daga shagon mai gyaran fanka zuwa ƙofarku ba. Me zan fara cewa? Ranki ya daɗe? Da wane bakin? Ya haƙuri, bayan watanni? Ko yarinyar zan fara duba… in ta ce Baffa Akwati fa? In ba ta ce ba fa? In ta ɗago ta miƙo mini wayar da hannu biyu, ta ce don Allah, Malam —

Cinyata tana rawa. Aljihu. Waya.

Agogon. Na manta agogon ya daɗe da cika, yana ganin sabon mai shi ya harba. Na zaro ta da hannu ɗaya, ɗayan yana kan ƙofa, ban murɗa ba, ban saki ba. Fankoki suna ta huci a bayana. Wayar bango ta sake farawa.

Kowa ya amsa, kai kaɗai ake jira. A daure a motsa.